Kande 'yar maƙera: ina iyakar yarinyar da wuta ba ta ƙona ta?

Binta: Assalamu alaikum, malamaina da yayyena na wannan zaure. Wata biyu ke nan alƙalamina ya tsaya cak a babi na 9 na littafin da nake rubutawa, shi ya sa na ga gara in kawo kukana gabanku. Labarin ƙagagge ne, na wani birni mai ganuwa da na ƙirƙira a zamanin da, inda matsafa bakwai suka kanainaye sarki har ba ya yanke hukunci sai sun duba sun ba shi izini. Tauraruwar labarin yarinya ce 'yar shekara 14 mai suna Kande, 'yar Sarkin Maƙera, wadda aka haifa bayan maza uku. Tun tana rarrafe aka lura wuta ba ta ƙona ta, da ta tasa kuma sai ya zamana tana iya kiran wuta ta zo tafin hannunta. A babi na 9 na sa ta tari babban matsafin a ƙofar fada, ta watsa masa wuta, ya ari ta kare. Daga nan ne na rasa abin rubutawa, domin duk abokin gabar da na kawo mata sai in ga da ɗaga hannu ɗaya za ta gama da shi, ga shi kuma saura babi 11 a tsarin da na yi. Tambayata biyu ce: yaya zan yi da ƙarfin nan da ya fi ƙarfin labarin, kuma da wane suna zan kira abin da take da shi, tunda ba na so a ce mata matsafiya?

Sadiya: Wa alaikumus salam, Anti Binta. Ni a ganina kin yi saurin ba ta nasara ne. A littattafan Turawa na irin wannan fanni da nake karantawa, yawanci akan ɗauke yaron a kai shi wata makarantar kwana ta masu sihiri, ya shekara yana koyo daga aji zuwa aji, yana faɗuwa yana tashi, kafin a bar shi ya haɗu da babban mugun. Me zai hana ki ƙirƙiri irin wannan makaranta a cikin wani kogo ko bayan wani dutse, ki tara yara masu baiwa iri-iri, mai ruwa da mai iska da mai ƙasa, Kande ta zama mai wuta a cikinsu? Hakan zai ba ki ƙawaye da kishiyoyi da malamai, ya cika miki babi 11 ɗin ba tare da wahala ba.

Malam Garba: Sadiya, 'yata, maganarki ta farko daidai ce, an yi saurin ba yarinyar nasara, amma makarantar nan taki ban yarda da ita ba. Baturen da ya rubuta makarantar kwana ta sihiri, makarantar kwanan da ya sani ya ɗauka ya zuba mata abin mamaki, shi ya sa ta zauna masa daram. Mu a wajenmu asiri ba a aji ake koyar da shi ba, a gida yake, a cikin sana'a, kuma ba kowane ɗa ake ba wa ba. Masunta suna da na ruwa, maharba suna da na daji, mahauta da wanzamai suna da na ƙarfe da jini, gardawa suna da na kura da maciji, kowa kuma da kiɗansa da kirarinsa. Uba yakan riƙe abu shekara da shekaru yana auna 'ya'yansa, wani lokaci ma ya mutu da shi saboda bai ga wanda ya isa ba. Binta ta riga ta taka sa'a ba ta sani ba, domin ta ɗora labarin a kan maƙera, ta kuma sa wa yarinyar Kande, sunan da ake ba macen da ta biyo bayan maza. Ga maza uku a gida suna jiran gado, sai abin ya tsallake su ya faɗa kan wadda za a aurar ta tafi da shi gidan wasu. Wannan kaɗai ya isa rigima ta babi biyar, ba a ma je ga matsafa ba. Yaya babban wanta zai ji, shi da ya shekara goma yana zuga wuta, hannunsa duk tabon ƙuna? Uban zai yi murna ne ko zai ɓoye ta?

Sannan maƙera ba ƙananan mutane ba ne a labarun kafuwar ƙasar nan. A labarin Bayajida, a Gaya ya tsaya maƙera suka ƙera masa wuƙar da ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu da ita a Daura. A labarin Kano kuma ana cewa maƙera ne daga Gaya, Abagayawa, suka zo gindin Dala neman tama suka zauna. Ko mutum ya ɗauki waɗannan a matsayin tarihi ko a matsayin hikaya, sun nuna cewa mai sarrafa wuta da ƙarfe yana kusa da mulki tun asali, saboda sarki ba ya yaƙi sai da mashinsa, talaka ba ya noma sai da garmarsa.

Lawal Ɗan Maƙera: Allah ya ƙara wa Baba Malam lafiya, ya taɓo gidanmu, dole in sa baki. Anti Binta, da farko ina roƙon ki daina sa yarinyar nan tana jifa da wuta kamar mai jifa da hoge, domin duk wanda ya tashi a maƙera zai ajiye littafin a nan. Maƙeri ba ya jifa da wuta, lallashinta yake yi. Ni na fara zama a bayan zuga-zugi ina ɗan shekara bakwai, fatun akuya ne guda biyu, ka danna dama ka ɗaga hagu, kuma idan ka yi gaggawa gawayi ya cinye a banza, idan ka yi sanyi ƙarfe ya ƙi nuna. Gawayin ƙirya kakanmu yake nema, saboda yana da nauyi kuma yana riƙe zafi. Ba ya taɓa tambayar lokaci, launin ƙarfen kawai yake kallo: ya yi ja, ya koma ruwan ɗorawa, ya nufi fari, kuma da zarar ya fara tartsatsi ya san ƙarfen ya fara ƙonewa, sai ya cafko shi da awartaki ya ɗora a kan uwar maƙera, masaba ta hau aiki. Har da kunne yake aiki, domin daga amon dukan yakan gane ƙarfe ya huce ko akwai tsaga a ciki.

Akwai abin da mutanen gari suka fi sanin gidanmu da shi fiye da wasan wuta da ake yi idan ana kiɗan dundufa, wato maganin ƙuna. Na sha ganin an kawo yaron da ruwan zafi ya zubo wa, yana tsala ihu, tsohon ya karɓe shi ya yi abin da zai yi ya shafa masa magani. Idan kina neman abin da Kande za ta fara yi da baiwarta, ki sa ta zare zafi daga jikin wanda ya ƙone, ki ga yadda mata za su riƙa sallama a gidansu. Game da mace kuwa, a gidanmu ba ta zama a gaban uwar maƙera, iyakarta ta kawo abinci, ko ta taɓa zuga idan yaran sun tafi aike. Ta wannan ƙofar ce yarinyarki za ta shiga.

Binta: Yaya Lawal, na gode ƙwarai, kuma na ji kunya, domin ban taɓa zama a maƙera ba, daga nesa nake jin ƙarar dukan ƙarfe idan na wuce kasuwa. Jifa da wutar kuwa na yarda a fina-finai na gan shi.

Ustaz Nura: Assalamu alaikum. Kafin a yi nisa a gyaran labari, ina so in ja hankalin 'yar'uwa Binta kan tambayarta ta biyu, domin ita ce mai nauyi. Malamai sun rarrabe abubuwan da suka saɓa wa al'ada: akwai mu'ujiza ta annabawa, akwai karama ta bayin Allah na gari, akwai istidraji da ake yi wa fasiƙi talala da shi, akwai kuma sihiri. Sihiri an ambace shi a aya ta 102 ta Suratul Baƙara, a ƙissar Haruta da Maruta a Babila, kuma yana cikin abubuwa bakwai masu halakarwa a hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito. To a wane gida za ki ajiye Kande? Ki lura cewa abin da kika haɗa mata, ga wutar da ba ta ƙona ta ga gidan ƙarfe, ya yi kama da na annabawa biyu: Annabi Ibrahim, wanda aka umarci wuta ta zama sanyi da aminci a gare shi, da Annabi Dawuda, wanda aka tausasa masa ƙarfe. Idan kuma kika bar abin ba bayani, mai karatu Bahaushe ya san daga wuta aka halicci aljanu, nan take zai yanke cewa yarinyar tana da aljani a kanta. Ban ce kada a rubuta labari ba, amma yara ne za su fi karanta irin wannan, kuma bai kamata su tashi da sha'awar wani ƙarfi da ake samu ba ta hanyar Allah ba.

Sadiya: Ustaz, da girmamawa, ai kowa ya san ƙage ne. Tun muna yara ake ce mana ga ta nan ga ta nanku, a kawo mana Dodo da Gizo da Ƙoƙi, a rufe da ƙurunƙus, kuma ban san wanda ya tashi yana bauta wa Dodo ba. Idan aka ce sai an auna kowace tatsuniya da ma'aunin aƙida, babu wadda za ta tsira.

Ustaz Nura: Ƙanwata, bambancin shi ne babu wanda yake zuwa wajen Dodo neman biyan buƙata, amma wajen boka ana zuwa har gobe, ana kai kuɗi da baƙin bunsuru, ana raba aure da farraƙu, ana yi wa mutum kurciya ya bar garinsu. Abin da yake raye a cikin mutane ba ɗaya yake da abin da kowa ya san wasa ne ba.

Malam Garba: Ku biyun kowa ya riƙe gefe ɗaya na gaskiya. Ustaz, ka tuna cewa ƙagaggun labaranmu na boko da aljanu suka fara. A gasar rubutu da Baturen jami'in ilimi Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, cikin littattafai biyar da aka zaɓa akwai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na wansa Bello Kagara, kuma duka biyun sun kai jarumansu ƙasashen aljanu. Waɗannan 'ya'yan gidan malanta ne, shi Bello Kagara ma har ya zama Walin Katsina, kuma an shekara da shekaru ana karanta su a makarantu. Saboda haka shigar abin mamaki cikin labari ba sabon abu ba ne, ba kuma aikin jahilai ba ne. Amma ina tare da kai a wuri ɗaya: kada marubuciya ta rubuta surkulle ko haɗin magani dalla-dalla yadda wani zai kwaikwaya, kuma kada ta nuna wanda ya yi yanka ga wanin Allah ya gama lafiya.

Wannan ne ma zai warware mata matsalar suna. Matsafan nan bakwai nema suka yi, suka ƙulla alkawari, suka biya da abin da ba nasu ba, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ita Kande ba ta nema ba, ba ta yi wa kowa yanka ba, tashi ta yi ta gan shi a jikinta kamar yadda wani yake tashi da murya ko da ƙarfin damtse. Wannan baiwa ce, ko kuma a bar mutanen gidansu su riƙa ce masa gado, su kuwa mutanen gari kowa ya kira shi da abin da tsoronsa ya ba shi. Ba dole ba ne marubuciya ta yanke hukunci da bakinta.

Tunda Sadiya ta kawo tatsuniya, ku tuna tatsuniyar ruwan Bagaja ta asali, wadda kakanninmu mata suke yi, ta 'yar bora da aka tura wanki. Yarinyar ba ta da makami ko ɗaya. Ta wuce kogunan abinci suna kiranta ta ƙi ci, ta tarar da cinya da kare a gida ta gaishe su da ladabi ba ta yi dariya ba, aka ce ta zaɓi ƙwai ta ɗauki ƙarami. 'Yar mowa ta bi sawunta da rashin kunya ta kwaso wa kanta masifa. A tatsuniyarmu abin mamaki yana da sharaɗi, kuma abin da yarinya ta hana kanta shi ne yake ɗaga ta. Kande ta Binta ba ta da abin da aka hana ta, shi ya sa labarin ya tsaya.

Isuhu Dogondutsi: Gaisuwa ga jama'a daga Nijar. Ina so in ba Malama Binta misali da mace ta gaske wadda aka jingina wa irin wannan ƙarfi, wato Sarauniya Mangu ta Lugu, a nan yankinmu na Arewa, ƙasar Dogondutsi. A watan Afrilu na 1899 rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine, wadda ta taho tana ƙone garuruwa a hanyarta ta zuwa tafkin Chadi, ta auka wa Lugu, Sarauniya da mutanenta Azna suka tsaya suka yi yaƙi alhali garuruwa da yawa sun watse tun kafin a iso su. An ci garin, ita da jama'arta suka janye cikin kurmi, ba a kama ta ba. Bayan wata uku, a watan Yuli, sojojin rundunar suka kashe shugabannin nan biyu, kuma har yau akwai masu cewa asirin Sarauniya ne ya bi su. Abin da nake so ki duba shi ne, ƙarfinta bai hana a ƙone garinta ba. Abin da ya yi aiki shi ne yadda mutanenta suka yarda da ita har suka tsaya, da yadda tsoronta ya shiga zukatan 'yan dako da sojojin haya. Kuma sarautar tana da takunkumi, domin mai riƙe da ita ba ta rayuwa irin ta sauran mata, a keɓe take zaune. Idan mace ta gaske ta biya wannan farashi, bai kamata ta cikin littafi ta samu nata kyauta ba.

Lawal Ɗan Maƙera: Maganar Malam Isuhu ta tuna mini da abu ɗaya da duk maƙeri ya sani: wuta ba ta zuwa daga babu, sai ta ci wani abu. Kafin ka ga lauje ɗaya an ƙone gawayi mai yawa, kafin gawayin kuma an sare itace. To wutar da take zuwa tafin hannun Kande, daga ina take tasowa, kuma me take ci?

Malam Garba: Lawal, Allah ya yi maka albarka, ka buga ƙarfen a inda ya nuna. Binta, ga shawara, ki ɗauka ko ki bari. A zamanin da kike rubutu a kai babu ashana. Ana ƙyasta wuta da ƙyastu da ƙanƙara a kan 'yar auduga, kuma saboda wahalar hakan mata sukan rufe garwashi da toka ya kwana, wadda tata ta mutu kuma ta aiki yarinya da kasko ta ɗebo a maƙwabta. Ki sa ya zamana duk lokacin da Kande ta kira wuta, murhun wani gida ne yake mutuwa a cikin birnin, ita kuma ba ta san na wa ba ne. Ranar da ta zare zafin ƙuna daga jikin yaro ɗaya, wata ƙila tukunya ɗaya ce ta huce. Ranar da ta kori babban matsafi a ƙofar fada, unguwa guda ta kwana ba tuwo, mai jego ta rasa ruwan wanka, tsoho ya kwana cikin hunturu ba gumi. Kin ga nasarar babi na 9 ba sai kin goge ta ba, ita ce za ta zama mafarin masifar.

Ga kuma wani abu da harshenmu ya ba ki kyauta. Dutsen da ake ƙyasta wuta da shi ƙanƙara ne, abin da yake faɗowa daga sama mai sanyi shi ma ƙanƙara ne, abin da ake cewa maye yana da shi a ciki shi ma ƙanƙara ake ce masa. Kalma ɗaya ta haɗa miki wuta da sanyi da zargi. Ki sa jikin yarinyar ya riƙa sanyi bayan kowane kira, har uwarta ta taɓa hannunta ta janye da sauri.

Hajiya Rabi: Tun ɗazu ina karantawa ban ce komai ba, amma da Malam ya ambaci ƙanƙarar maita sai gabana ya faɗi, domin na ga abin da wannan kalma take yi da idona. Ina 'yar shekara goma sha biyu a garinmu, akwai wata tsohuwa mai sayar da daddawa a bayan gidanmu, ba ta da ɗa namiji, mijinta ya daɗe da rasuwa. Wata yarinya ta kwanta da zazzaɓi mai zafi, cikin magagi ta kira sunan tsohuwar, shi ke nan. Kafin la'asar an fito da ita tsakar gida, zaninta a hannun mutane, ana cewa sai ta tsallaka yarinyar ta saki kurwarta. Ta tsallaka tana kuka tana rantsuwa. Yarinyar ta warke bayan an kai ta asibiti an yi mata allurai, amma aka ce tsallakawar ce ta yi aiki. Daga ranar babu wanda ya sake sayen daddawarta, mu yara aka hana mu bi ta ƙofarta, jikarta da muke wasan gaɗa tare kuma aka ce ita ma ta sha a nono. Ba su cika shekara ba suka bar garin da dare. Ni ma na daina gaishe ta a lokacin, kuma har yau abin yana damuna.

Saboda haka, Binta 'yata, idan murhu ya fara mutuwa a birninki, na san abin da zai biyo baya, kuma ba Kande za a fara kamawa ba, tunda ita 'yar Sarkin Maƙera ce, tana da uba da yayye maza uku. Wata tsohuwa marar gata za a kama. Matsafan nan bakwai ba sa buƙatar su yi faɗa da yarinyar, nuna yatsa kawai za su yi, jama'a su ƙarasa musu aikin. Roƙona ɗaya ne: kada ki rubuta littafin da a ƙarshe zai nuna cewa tsohuwar da aka zarga mayya ce da gaske, domin muna da irin waɗannan labaran da yawa, kuma a kan mutane masu rai suke sauka.

Ustaz Nura: Hajiya, Allah ya yafe mana baki ɗaya. A nan ba ni da ja ko kaɗan, domin jifan mutum da maita ba tare da hujja ba zalunci ne, kuma sambatun mai zazzaɓi ba shaida ba ne a kowace shari'a. Idan littafin zai sa yaro ya tsaya ya yi tunani kafin ya bi ayarin masu jifa, ya yi aiki mai kyau. Amma ina nan a kan bakata game da asalin baiwar, ina so a ji a bakin wani a cikin labarin, ko da uwarta ce, cewa wanda ya ba da abin shi ne mai iko da shi, kuma yana iya karɓewa.

Sadiya: Na janye makarantar, amma ban janye ƙawaye ba. Yarinya 'yar shekara 14 ba ta rayuwa daga ita sai iyaye da matsafa. A ba ta ƙawa ɗaya wadda suke zuwa rijiya tare, kuma idan ana so abin ya yi ciwo sosai, tsohuwar da za a kama ta zama kakar wannan ƙawar. Ina kuma roƙon kada a mayar da Kande salihar da ba ta kuskure, a bar ta ta ji daɗin ƙarfinta, ta yi taƙama da shi a gaban yayyenta ko sau ɗaya, domin ni ma da ni ce sai na yi.

Binta: Jama'a, ban san da bakin da zan gode muku ba. Ga abin da na tsayar, ku gyara mini inda na kauce. Babi na 9 yana nan yadda yake, sai dai na cire jifa da wuta: za ta kama sandar ƙarfen babban matsafin ne da hannu, sandar ta yi ja har ya sake ta a gaban jama'a. Babi na 10 zai buɗe da asuba, yara sun fito da kasko neman wuta gida-gida, kowa ya tarar da toka mai sanyi, har layin ya kai maƙera, inda ita kaɗai ce wutarta ba ta mutu ba. Uban zai gane abin da ya faru tun kafin kowa, ya yi shiru, babban wan kuma ya gane, kuma shi ne matsafan za su nema. Za a kama kakar ƙawarta, Kande kuma ta san cewa tana iya kuɓutar da ita da kira ɗaya, amma kiran zai kashe wasu murahun ya ƙara tabbatar da zargin, hanya ɗaya da ta rage ita ce ta tsaya a gaban gari ta ce ni ce. Maganar da Ustaz ya nema zan sa ta a bakin uwar, a daren da take ɗumama mata hannu. Abin da ban yanke ba shi ne ko baiwar za ta bar ta a ƙarshe ko za ta rayu da ita.

Malam Garba: Kada ki yanke yanzu, ki rubuta har ki kai babi na 15, yarinyar da kanta za ta nuna miki. Sai dai ki kula da babban wan, kada ki mayar da shi mugu tsantsa, domin yana da hujjar jin haushi.

Lawal Ɗan Maƙera: Gyara ɗaya, Anti Binta. Idan sandar ta yi ja a hannun matsafin, ba sakinta kawai zai yi ba, fatar tafinsa za ta bi ƙarfen, kuma warin zai kai ga na bayan taro. Ki tuna kuma cewa a duk birnin gida ɗaya ne yake maganin ƙuna, saboda haka a daren nan dole a kawo shi zauren uban Kande. Maƙerar kawuna tana aiki kullum ban da Juma'a, idan kin shirya ki zo da mahraminki da safe kafin rana ta yi zafi, ki sa tufafin da ba kya jin asararsu, zan sa a ba ki zuga-zugi ki riƙe na minti goma.